Sikelin da Ya Ƙi Magana

An karɓe aikin sikelin masana'anta daga hannun Injiniya ranar Alhamis, bayan ya kwana uku kulle a ofis.

An ɗauke shi ne ya rubuta manhajar da za ta sa kwamfuta ta dakatar da komai ta saurara, da zarar sikeli ya turo awo ta kebul ɗin siriyal, wato wayar da ta haɗa su. Sau goma sha ɗaya yana gyara ta. Ko lamba ɗaya ba ta shigo ba.

Yana fita da jakarsa, Iya mai shara ta tare shi.

"Ɗan nan, tun Litinin na zare wani kebul a bayan sikeli, zan yi shara. Sau biyar ina ƙwanƙwasa maka ƙofa, kana cewa, 'Iya, kada ki katse min tunani!'"

Kebul ɗin yana nan a ƙasa. Har yanzu ba a samu mai gaya wa manajan masana'antar ba.