Layi Na Huɗu

Hoton ya sake tsayawa. Mai ɗaukar hoto ya share gumi, ya dubi kwamfutarsa. Ya haɗa layukan intanet na kamfanonin waya uku su yi aiki tare, domin idan ɗaya ya gaza sauran su riƙe. Amma taron yaye ɗalibai ya cika filin makaranta da wayoyi, duk ukun sun gaji.

Mahaifiyarsa tana kallon taron kai tsaye a waya daga gadon asibiti, tana jiran ganin autarta cikin waɗanda ake yayewa. Ta kira shi.

"Injiniyan gidanmu, shugaban makaranta ya daskare da baki buɗe. Haka zan ga Auta?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ina ta ƙoƙari."

"Ai na saba. Yayanku ma tun da ya yi fushi ya bar ƙasar, hotonsa kawai nake gani, shi ma ba ya motsi."

Aka kira sunan Auta. Nan take hoton ya saki, ya tafi sumul, har Inna ta ga 'yarta ta karɓi takardar shaida.

Ya duba dalili. Wani layi na huɗu ne ya shigo da kansa, daga wayar da kwamfutar ta daɗe da sani, har ba ta nemi kalmar sirri ba. Sunan da ke jiki shi ne Dogo, laƙabin yayansu.

Irin wannan haɗi ba ya wuce 'yan taku, ke nan mai wayar yana kusa. Ya juya kyamara a hankali zuwa bakin katanga.

"Inna," ya ce, "kada ki kashe wayar."