Wayar da Ta Ce Da Sauƙi

Tunda ka ce aikinka ba shi da makusa, zauna ka ji wannan. Wani mutum ne ya ƙera manhajar waya mai fassara magana nan take, kana rufe baki tana mayar da zancenka cikin harshen wanda ke gabanka. Abin alfaharinsa sauri, don a ganinsa tafinta ɓata lokaci ne, kullum sai ya tsaya kallon mutum kafin ya buɗe baki. Ana nan sai ciwon ciki ya kama mahaifiyarsa, ya kai ta wani asibiti a ƙasar waje inda ba mai jin ko "sannu". Aka ce bari a kira musu tafinta, gogan naka ya ce a bar shi, ga nasa nan a aljihu. Dokar wurin kuwa mara lafiya kaɗai ke shiga, don haka ya ajiye wayar a teburin likita, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe ta gilashi, yana jin komai.

Likita ta tambayi jiki. Tsohuwa, wadda tun tasowarta ba ta taɓa amsa gaisuwar jiki da ƙorafi ba, ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Waya ta isar da saƙo, ba ragi ba ƙari. Aka tambaye ta ko ciwon ya ƙaru, ta ce ai sai godiya. Likita dai idonta na kan wayar, tana rubutu. Shi kuwa daga waje yana ganin gumi na tsatstsafowa a goshin tsohuwa, ta damƙe bakin mayafinta, ta cije leɓe. Ya san cizon leɓen nan, rabonsa da ganinsa tun ranar da aka fita da gawar mahaifinsa. Tsoro ya kama shi. Sai ga likita ta yi murmushi ta ajiye alƙalami, ya ji wayarsa, da muryar nan mai daɗi da shi ya zaɓa mata, tana cewa a je gida a dawo mako mai zuwa. Tsohuwa ta fara laluben takalminta. Bai san lokacin da ya banka ƙofar ba. "Likita, ki bar wayar nan, ki dube ta!" Likita ta ɗago, ta dubi tsohuwa, ta tashi ta danna mata gefen ciki. Ƙarar da tsohuwa ta saki ba ta nemi fassara ba. Aka garzaya da ita ɗakin tiyata, daga baya aka ce masa da sun tafi gida, da hanjinta ya fashe a hanya. Ya zauna, ya bi abin da wayar ta fassara tun daga farko har ƙarshe yana neman inda ta yi kuskure, bai samu ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.