Kukan da Ya Ci Kyauta

Yana ajiye kambun a gaban mahaifiyarsa ta ce ya kunna mata fim ɗin. Shekara ashirin yana haɗa sautin finafinai, amma kukan da ya ciyo masa wannan kyautar ba na jarumar fim ɗin ba ne. Na Inna ne. Ranar rasuwar Baba ya zura makirufo ta ƙarƙashin ƙofarta ya naɗa.

Ana zuwa wurin kukan ya lalubo rimot zai rage murya.

"Bar shi, ɗan nan," in ji ta.

"Inna, ni fa..."

"Ai na ga abin naka yana leƙowa ranar. Tun daga nan ban sake iya yi wa babanka kuka ba. Ƙaro murya in ji abina."