Ragar Ƙarfe a Bakin Kwalbati

Kai da kake rantsuwa sai ka toshe wa abin da ya ɓata maka rai hanya, zauna ka ji yadda ta kaya da wani manomin fadama. Gonarsa ta shinkafa tana bakin tafki. Titi ya raba tafkin da kogi, kwalbati ɗaya tal ne ya haɗa su. Ta nan ruwan tafki ke fita in ya yi yawa, ta nan kifi ke shigowa, ta nan kuma wani tsohon kada ke kai da komo tun kafin a haifi manomin. Ran nan kadan ya ɗauke masa akuya a bakin ruwa, mai ciki kuwa. Ran mutumin ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa, don ita ke nan gare shi. Kwana biyu ba abin da yake yi sai zage-zage. A na uku ya tafi wurin mai walda aka ƙera masa raga ta rodi, ya kafa ta a bakin kwalbatin, ya bi ta da siminti. Wani tsohon masunci ya tarar da shi yana aikin, ya ce, "Ɗana, katange inda dabbobi ke shan ruwa, ka bar hanyar nan. Ƙirjin kadan nan ne ke share mana ita." Manomi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba, da akuyarka ce da ba ka faɗi haka ba." Tsoho ya saɓa komarsa ya wuce.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, mutumin nan bai ko tsaya ya tambayi kansa a wane gefe kadan yake ba. Damina ta yi nisa, shinkafa ta yi ciki, ita ce cimar gidansa ta shekara. Kainuwa da kachala da ledoji, waɗanda a da kada ke ture su in zai wuce, suka yi ta taruwa a jikin raga har suka zama bango. Wata Laraba aka tafka ruwa tun hantsi har la'asar. Tafki ya nemi hanya ya rasa, sai ya juyo kan gona. Washegari ko tsinin ganye ba a gani. Shinkafa tana son ruwa, amma in ta yi kwanaki a nutse ruɓewa take yi. Ya zo a guje da guduma, ya tuɓe riga zai faɗa ya fasa abin da ya gina da hannunsa, sai ga idanu biyu a saman ruwa, daidai bakin ragar. Ashe ranar da ya zuba siminti kadan yana cikin tafki. Bai kore shi ba, kulle shi ya yi tare da gonarsa. Ya roƙi maƙwabta su shiga su fasa masa, kowa ya ce yana da iyali. Masuntan da ya tare wa kifi suka zauna a gefen titi suna ɗinkin koma. Kwana biyar yana tsaye da guduma a hannu, yana tsine wa kada, yana tsine wa ruwa, har warin ruɓaɓɓiyar shinkafa ya iso shi inda yake. A shekarar nan ko dami ɗaya bai shiga rumbunsa ba, akuyar kuma ba ta dawo ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira, an rasa ido.