Mutumin da Ke Kallon Rufi

Kwana uku ke nan mutumin yana tsayuwa a tsallaken titi, hannuwansa cikin aljihun doguwar rigar sanyi, idonsa a kan gidan Wahiba. Ba ƙofa yake kallo ba, ba taga ba. Rufi kawai.

Wahiba ta saki labule, ta dafe goshi. Ciwon kan nan ma kwana uku ke nan. Ta ɗauka cikin wata biyar da take ɗauke da shi ne ya fara sabon salo.

Ita 'yar bakin teku ce, aure ya kawo ta Satif, garin kan tudu, ba ta taɓa sanin sanyi yana shiga har cikin haƙori ba. Mijinta Murad yana kudu, wajen rijiyoyin mai, mako huɗu a can, mako huɗu a gida. Kafin ya tafi sai da ya bi tagogi ya liƙe su da salatif, ya cusa tsohuwar rigarsa ta ulu a kafar iskar da ke ƙasan bango, ya kunna mata hitar gas ta falo. "Kada iska ta taɓa min ke," ya ce. Rigar har yanzu tana ƙanshinsa. Wani lokaci takan zauna kusa da ita ta sha kofi.

Ya kuma ce kada ta buɗe wa kowa.

Da ta tambayi maƙwabciyarta Khalti Yamina ta kan katanga ko ta san mutumin, tsohuwar ta ci gaba da kakkaɓe tabarma. "Idan sanyi ya shigo yakan zo. Ba ya cizo, 'yata." Daga nan ta shige ɗaki, alhali Khalti Yamina ba ta taɓa barin hira a tsakiya ba.

Ranar ta huɗu gari ya waye fari fat. Dusar ƙanƙara ta rufe unguwa. Wahiba ta murɗa hita har ƙarshe, ta ɗora tukunyar miya. Harshen wutar da ke bayan gilashin hitar ya yi ruwan ɗorawa, yana lanƙwasa a hankali. Ya ba ta sha'awa, ya fi shuɗin nan na kullum kyau.

Wajen hantsi aka ƙwanƙwasa.

"Baiwar Allah, kashe hitarki." Muryar namiji ce, a dishe. "Ƙanƙarar da ke bakin bututun hayaƙinki ba ta narke ba. Ta kowa ta narke."

Ta laluba wayarta, lambobin suka riƙa iyo a idonta.

"Na san kina ciki. Ke kaɗai ce."

Ta miƙe za ta ƙara sakata, falon ya juya. Ta zame a jikin kujera, hannu ɗaya a kan cikinta, tana jin zuciyarta na bugawa cikin kunne.

Ƙofar waje tana da hali. Sai an ɗaga ta sama, an tura da kafaɗa ta gefen hagu, sannan harshen makullin yake saki. Murad ya yi mako guda kafin ya gane. Wahiba ta ji an ɗaga ta, an tura. Sau ɗaya.

Takun takalmi ya ratso tsakar gida. Ta so ta yi ihu, bakinta ya yi nauyi. Mutumin ya shigo, dogo, furfura a gemu, gyale a hancinsa. Bai ko dube ta ba. Ya wuce kicin kai tsaye, ya zura hannu bayan kabad, inda makullin bututun gas yake a ɓoye, ya murɗe. Ya yage salatif, ya doki kusurwar tagar da ke cijewa, ta buɗe. Ya durƙusa ya fizgo rigar Murad daga bango, ya yar.

Sanyi ya faɗo ɗakin.

"Yamina!" ya ƙwala. "Yamina, fito! Kira motar asibiti!"

Su biyu suka ja ta a kan bargo har tsakar gida. Tana kwance tana shaƙar iska mai yankan ƙirji, ta hango shi a kan rufi, ya zura hannu cikin bututun hayaƙin har kafaɗa. Ya zaro tsinke, gashin tsuntsu, da busasshiyar tattabara baƙa ƙirin.

A asibiti aka sa mata iskar numfashi har la'asar. Likita ta ɗora na'ura a cikinta, suka ji bugun ƙaramar zuciya, da sauri, daram. Ta ce gubar hayaƙin hita ce ta taru a ɗakin, da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. Ta yi faɗa sosai: kafar iska ba a toshe ta, bututu kuwa kowace shekara ake duba shi kafin a kunna wuta.

Khalti Yamina tana bakin gado tana ɓare lemo.

"Mijin nan naki, soyayya ta cinye masa ƙwaƙwalwa," ta ce. "Bari ya dawo, da muciya zan tare shi."

Wahiba ta yi murmushi, hawaye na bin gefen idonta. "Khalti, mai gyaran nan, ina shagonsa? Ina so Murad ya je ya gode masa. Na zarge shi, Allah ya yafe min."

Tsohuwar ta daina ɓare lemon.

"Si Lakhdar ba mai gyara ba ne, 'yata, malamin lissafi ne. Shi ya gina gidan da kuke ciki. Shekara tara da suka wuce ya ce wa matarsa sai Juma'a zai hau ya duba bututun hayaƙin, ranar Alhamis muka yi jana'izarta, ita da 'yan matansu biyu."