Gyaran Tabawa

Tun da aka kawo mudu mai awo da kansa kasuwar Gwarzo, rigimar awo ta mutu. Na maza cif yake tsayawa a baki. Na mata kuwa sai ya ƙara gyara cikin tafin hannu guda, wai an bincika an gano haka hannun mata yake tun asali.

Tabawa mai wake ba ta damu ba. Ciniki na tafiya, rumfarsu ɗaya da mijinta Ɗanlami, kowa da mudunsa.

Da hantsi wata tsohuwa ta sayi wake a wurinta. Mudu ya cika, ya zubo gyara, tsohuwa ta ƙulle ledarta. Ta matsa wurin Ɗanlami ta sayi gero. Ya dubi tsufanta, ya ɗebi ɗan kaɗan da hannu ya ƙara mata.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Allah ya jiƙan mahaifa!"

Tabawa ta yi dariya. "Malam, yau kai ne da lada."

Sai da tana kakkaɓe tabarma ta tuna: shekara huɗu ke nan rabon da wani ya sa mata albarka.