Mijin Nevena

Dim, dim, dim. An fara ke nan. Yordanka ta ɗaga kai ta harari silin, fitilar falo tana rawa, yaran ajinta kuwa sun zuba mata ido ta cikin kwamfuta suna jira ta ƙarasa bayani.

Tun da aka rufe makarantu da gidajen abinci saboda annoba a farkon sanyi, kowa ya koma ɗaka ya zauna. Ita Yordanka zaman sauraron rayuwar wasu ta koma. A hawan da ke samanta wata Nevena ta tare a lokacin kaka, 'yar siririya mai ɗinki, gaisuwa kawai ke haɗa su a matakala. Mijin kuwa Yordanka ba ta taɓa sa shi a ido ba, amma ta san shi ciki da bai. Ta san takunsa mai nauyi daga kicin zuwa falo. Ta san idan rediyo ya saki kiɗa sai ya ja matarsa rawa. Ta san ƙamshin burodin cukun da yake gasawa, wanda ke gangarowa ta bututun iska. Ga dariya, irin wadda ke tasowa tun daga ciki, siminti ya danne ta amma bai kashe ta ba.

Kishi take ji, ba ta kuma nema masa wani suna ba. Kullum da safe sai ya taso mata.

Nata mijin, Rumen, kuku ne. Mutumin da ya ciyar da rabin birnin Plovdiv, amma ko shayi bai dafa mata ba tun da aka rufe wurin aikinsa. Kujera ta zama uwa da uba. Abu ɗaya ke ta da shi, gudun safe, don likita ya ce ya rage tumbi. Zai sa wandon gudu da hular ulu da takunkumi, ya ce, "Na tafi bakin kogi," ya ja ƙofa. Ta dai gode wa Allah da bai taɓa kwaso mata caɓi a kan darduma ba. Tumbin kuwa yana nan daram.

"Ka ga mazan mutane?" ta ce masa wata rana da ya dawo ya zube gaban talabijin. "Mijin Nevena har rawa yake yi da ita a kicin. Kai fa? Yaushe rabon da a ji dariyarka a gidan nan?"

"Kowa da halinsa, Malama," in ji shi, ko kallonta bai yi ba.

Ba ta haƙura ba. Ta rina gashi, ta zaro jar rigar da ta daɗe a ƙasan akwati, ta kunna rediyo da yamma ta miƙa masa hannu. Ya ce gwiwoyinsa ciwo suke, gudun nan ba wasa ba ne. Sai ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta. Abin da take tsoro ke nan, kada a ce aurenta ya daɗe da mutuwa, sai da aka kulle su tare ta gane.

A wurin zubar da shara ta tare Inna Penka, tsohuwar da ko kyanwa ta shiga ginin sai ta sani.

"Inna, wai mijin Nevenar nan wane iri ne?"

"Oho, 'yata. Ni ban taɓa ganinsa ba. Da takunkumin nan ai ɗan da kika haifa sai ya wuce ki ba ki sani ba."

Ranar Asabar gari ya waye fari fat, dusar ƙanƙara har gwiwa, ko mota ɗaya ba ta motsi. Ta ce da Rumen ya haƙura yau, titi santsi. Ya ce in ya fasa sau ɗaya shi ke nan, ya ɗaura takalmi ya fita. Har ta ji tausayinsa ya kama ta. Bawan Allah, yana can yana fama da sanyi, wani kuwa na nan cikin ɗumi yana shagwaɓa matarsa.

Ba a jima ba rediyon sama ya tashi. Sai taku, sai ihun Nevena, sai dariyar nan.

Haba! Abin ya ishe ta. Ta ɗauko kwalbar miyar tattasai da mahaifiyarta ta aiko daga ƙauye, wai kyautar maƙwabtaka, ta sa takunkumi ta hau matakala. So take ta gan shi ido da ido. Allah Ya sa mai sanƙo ne, ko gajere, ko mai giɓi, ta dai samu abin kushewa zuciyarta ta yi sanyi. In kuwa babu, to za ta cire kunya ta tambayi Nevena yadda ake yi namiji ya so mace haka.

Ta ƙwanƙwasa. Kiɗan bai tsaya ba. Daga can ciki Nevena ta ce, "Masoyi, duba mana, mai kawo yadi ne!" Takun mai nauyi ya taho, dariyar tana matsowa, yau babu siminti a tsakani, mai daɗi fiye da yadda take zato.

Ƙofa ta buɗe, ga Rumen tsaye cikin wandon gudu, garin fulawa har gwiwar hannu, bakinsa bai gama rufe dariyar ba.